Godiya Bayan Taron Shugabannin Gidajen Kula da Tsofaffi da Gajiyayyu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai mu Katsina lafiya, Ya kuma dawo da mu Daura lafiya, bayan kwana uku da muka yi a taron ƙara wa juna sani na masu riƙe da gidajen tsofaffi da gajiyayyu. Na jinkirta wannan saƙo har mako biyu ne domin in fara gwada abin da na koyo kafin in buɗe baki.

Kafin in tafi, wasu sun ce mini, ba da mugun nufi ba, irin wannan taro yawon cin alawus ne kawai. Na kusa yarda da su. Amma duk shekarun da na yi a wannan aiki ban taɓa zama ɗaki ɗaya da mai irin nauyin da ke kaina ba, domin likita yana da ƙungiyarsa, malamin makaranta yana da tasa, ita kuwa shugabar gidan gajiyayyu ita kaɗai take yanke shawara, idan ta yi kuskure kuma babu mai gaya mata, sai dai ta gan shi a jikin tsoho.

Ina gode wa waɗanda suka shirya taron, da lauyan da ya warware mana dokoki biyu da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, Allah Ya jiƙansa, ya sa wa hannu. Ɗaya ita ce ta kafa Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa, a 2018, wadda ta fara aiki a 2021. Ɗayar kuma ita ce ta hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, a watan Janairun 2019, wadda ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shiga. Yana faɗin cewa wa'adin ya cika tun 2024, sai kunya ta kama ni, don na tuna matakala uku da ke ƙofar banɗakinmu, inda kullum sai mutum biyu sun ɗaga keken gurgu.

Godiya ta musamman ga malamar jinyar da ta zo daga Zariya ta yi mana bayanin gigin tsufa. Muna da wani dattijo, tsohon ɗan kasuwar goro, wanda kullum bayan la'asar yakan ƙulle tufafinsa a zane ya nufi ƙofa, wai zai je ya buɗe rumfarsa. Mu kuma sai mu tare shi, mu karɓe ƙullin, mu ce masa, "Baba, ai rumfar nan an daɗe da sayar da ita," shi kuwa ya yi ta kuka kamar ranar ya fara jin labarin. Mun ɗauka taurin kai ne, danginsa sun ɗauka sammu ne. Malama ta ce ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ruɗewar takan tsananta idan rana ta yi sanyi, kuma gardama ba ta ƙara wa mai ciwon komai sai firgita. Yanzu idan Baba ya ɗauki ƙullinsa, wani ma'aikacinmu yakan riƙa masa, su zaga tsakar gida yana tambayarsa yadda ake yayyafa wa huhun goro ruwa don kada ya bushe, har a kira magariba ya zauna ya yi alwala.

Haka kuma ina gode wa 'yar'uwata daga Funtuwa, wadda a lokacin shan shayi ta fito da wani littafin rubutu na 'yan makaranta da ta ja wa layuka, inda ake rubuta lokacin da aka juya marar lafiyan da ba ya iya tashi, duk bayan awa biyu, mai juyawar ya sa hannu. Da wannan ta rage gyambon kwanciya a gidanta, kuma ba a kan mumbari na samo shi ba. Shi ya sa nake roƙon masu shiryawa, idan Allah Ya kai mu wani taron, su rage dogayen maƙaloli da Turanci, su ƙara mana lokacin tattaunawa da Hausa.

Ba zan manta da ma'aikatanmu da suka riƙe gida ba, musamman masu kwana da mai dafa abinci da maigadi, da bawan Allahn da ya biya mini kuɗin mota da masauki ya kuma hana ni ambaton sunansa, da maigidana da ya yi haƙuri da rashina. Allah Ya saka wa kowa da alheri.

Ranar Asabar, in sha Allahu, magini zai zo ya fasa matakalar nan ya yi mana gangare. Yashi ya samu, siminti ne ya rage, duk mai niyyar taimakawa ƙofarmu a buɗe take.