Randa, Tukunyar Gas da Fitowar Rana: Abubuwan da Sabo Ya Hana Mu Gani

Hausawa na cewa rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Akwai abubuwan da mutum yake taɓawa kullum tun yana yaro, wasu ma an rubuta bayaninsu ɓaro-ɓaro a jikinsu, amma sai furfura ta fara fitowa sannan ya gane yadda suke aiki. Wasunsu idan aka gane su a makare kuɗi kawai aka yi asara. Wasu kuwa rai suke ci, shi ya sa ban ɗauki maganar da wasa ba.

A fara da randa. Kowa ya san ruwan randa yana sanyi, amma da yawa sun ɗauka inuwa ce ko kaurin yumɓu. Asirin yana cikin wannan danshin da ake gani a bayanta. Yumɓun da aka gasa yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa yana tsatsowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, kuma duk ruwan da zai bushe sai ya ja zafi ya tafi da shi. Zafin da yake ja ba kaɗan ba ne: a lissafi, rubu'in lita ɗaya idan ya bushe yana ɗauke zafin da zai iya sauke ruwa lita 20 da kusan digiri 7. A zahiri ba ya kai haka, domin iskar waje tana mayar da wani zafin, amma daga nan sanyin yake fitowa.

Wanda ya gane wannan zai gane dalilin da randa take daina aiki. Wata uwargida takan ga bayan randa yana jiƙewa ta ce yoyo take yi, sai a shafe ta da siminti ko a yi mata fenti don kwalliya. An toshe ƙofofin ke nan, ta zama bokiti. Haka idan aka cusa ta lungun da iska ba ta ratsawa, ko aka naɗe ta da leda. Tsohuwar randa ma takan rage sanyi saboda gansakuka da dauɗa sun cike ƙofofin. A goge bayanta da soso mai kaushi da ruwa zalla, ba da sabulu ba, a ɗora ta a kan jiƙaƙƙen yashi a inuwa inda iska ke kaɗawa. Kuma kada a zarge ta a watan Agusta. Iskar damina ta riga ta ƙoshi da danshi, ba ta busar da komai da sauri, don haka randa ta fi kaifi a hunturu da farkon bazara.

A kan wannan hikimar ce Malam Mohammed Bah Abba, wani malamin makaranta a Jihar Jigawa, ya yaɗa tukunya-cikin-tukunya a ƙauyuka, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Haɗa ta ba wuya. A sami tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama, a zuba yashi a gindin babbar, a zaunar da ƙaramar a ciki yadda bakunansu za su daidaita, a cike tsakaninsu da yashi kaurin yatsa biyu zuwa uku, a jiƙa shi sharaf, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Safe da yamma a ƙara ruwa. Tumatir da tattasai da yalo da suke laushi cikin kwana uku sukan kai mako biyu ko fiye. Sai dai sanyinta bai kai na firji ba, ba a ajiye ɗanyen nama a ciki.

Fanka ma haka take aiki, sai dai a wannan karon jikin mutum ne randar. Fanka ba ta sanyaya ɗaki ko kaɗan. Gumin da ke fata take busarwa, shi ne ake jin daɗi. Idan babu kowa a ɗakin, barin ta tana juyawa "don ɗaki ya yi sanyi kafin a dawo" ɓarnar wuta ce, injinta ma ɗan ɗumi yake ƙarawa. Masu amfani da batirin sola su ne suka fi jin wannan asarar da tsakar dare. Idan kuma zafin ɗaki ya haura digiri 40, kamar yadda ake yi a Sakkwato da Maiduguri da Yamai a watan Afrilu, fanka iska mai zafi take watsa wa jiki. A lokacin sai a yayyafa ruwa a riga ko a yafa jiƙaƙƙen mayafi, musamman ga tsofaffi da jarirai, a kuma yawaita shan ruwa.

A madafa akwai wata gaskiyar da take cin itace da gas kullum: ruwa idan ya tafasa ya gama ɗaukar zafi. Digiri 100 ne iyakarsa a bakin teku, kuma ko an iza wuta har harshenta ya lashi murfi ba zai wuce nan ba, sai dai ya ƙone da sauri. Wake ba ya nuna da wuri don an ƙara wuta. Da zarar tukunya ta tafasa, a rage wutar zuwa yadda za ta ci gaba da ɓararraka a hankali, a rufe da murfi. Abin da ke rage lokaci shi ne jiƙa waken tun dare, ko tukunyar nan mai kulle tururi, wadda zafin cikinta yake kaiwa wajen digiri 120. A tudu irin Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, ruwa a wajen digiri 96 yake tafasa, shi ya sa girki yakan ɗan ƙara jinkiri a can.

Tukunyar gas kuwa, kilo 12.5 ɗin da ake kiran ta da shi nauyin gas ɗin ne kaɗai, ban da ƙarfen. Nauyin ƙarfen an buga shi a jikin marikin ko kafaɗar tukunyar, galibi bayan haruffan TW. Idan misali an buga 13.0, to cikakkiya a kan sikeli sai ta nuna 25.5. Wanda ya san wannan ba ya buƙatar girgiza tukunya ko gardama a wajen sayen gas: ya duba sikeli kafin a ɗura, ya duba bayan an ɗura. Abin da ke ciki ruwa-ruwa ne, kuma da gangan ake barin sarari a sama, domin yana kumbura idan ya ji zafi. Saboda haka roƙon mai gas ya danna ta maƙil hatsari ne, haka ajiye ta a rana ko kwantar da ita ana girki.

Abin da ya fi muhimmanci, kuma mutane da yawa ba su sani ba: gas ɗin girki ya fi iska nauyi. Idan yana yoyo ƙasa yake kwanciya kamar ruwa, ya taru a ƙarƙashin kanta da bayan ƙofa. Buɗe tagar sama kaɗai ba ta fitar da shi, sai an buɗe ƙofa. Shi kansa ba shi da wari, ƙara masa warin ake yi don a ankara. Idan aka ji shi, a rufe kan tukunyar, a wangale ƙofofi, kada a kunna ko a kashe makunnin lantarki, domin ɗan tartsatsin cikinsa ya isa. Neman inda yake yoyo da ruwan kumfa ake yi, a shafa a mahaɗar tiyo da kan tukunya, inda ya yi ƙwai-ƙwai nan ne. Ashana ba ta shiga wannan aiki. Harshen wuta mai kyau shuɗi ne. Idan ya koma ja yana baƙanta gindin tukunya, ƙofofin murhun sun toshe, a cire a wanke.

Akwai kuma iskar da babu wanda ya ƙara mata wari. Gawayi da janareto suna fitar da wata iskar guba marar launi, marar wari, wadda jini yake kamawa fiye da iskar numfashi sau 200 da ɗoriya. Garwashin da ya yi jajur ya daina hayaƙi, wanda ake ganin ya zama lafiyayye a shigar da shi ɗaki, yana nan yana fitar da ita. Kaskon wuta a rufaffen ɗakin maijego cikin hunturu, da janareton da aka shigar zaure ko baranda saboda ɓarayi ko ruwan sama, su ne suke kwantar da gida guda dare ɗaya. Alamarta ciwon kai, jiri, amai da kasala, kuma ta kama duk mutanen ɗakin lokaci guda, shi ya sa ake yawan ɗora laifin a kan abincin dare ko iskokai. Duk lokacin da aka ga haka, a fitar da kowa waje tukuna, sannan a garzaya asibiti. Janareto wajensa fili, aƙalla mita 6 daga taga da ƙofa, bututun hayaƙinsa yana kallon nesa da gida.

A jikin kwalin magani ma akwai rubutun da ba a karantawa. Babban sunan da ke sama na kamfani ne. Sunan maganin na ainihi shi ne ƙaramin da ke ƙasa. Panadol farasitamol ne, kuma da yawa daga cikin magungunan mura da na ciwon jiki suna ɗauke da shi. Mutum sai ya sha biyu na ciwon kai, ya ƙara na mura, ya ƙara na gajiya, yana ganin magani uku ya sha, alhali guda ɗaya ya ninka. Iyakar babba lafiyayye giram 4 ne a awa 24, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, da tazarar awa 4 zuwa 6 tsakanin sha. Wuce haka hanta yake ci, kuma ba ya nuna alama da wuri. Ruwan gishiri da sukari na mai gudawa shi ma da awonsa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato ruwan leda biyu masu rabin lita, da sukari cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin cokalin shayi. Gishirin idan ya yi yawa cutar da yaro yake yi.

Taya tana da ranar haihuwa. A gefenta, a ƙarshen layin da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 3521 na nufin mako na 35 na shekarar 2021. Tayar gwanjo takan zo da zanenta raɗau alhali robar ta tsufa ta bushe, kuma kwaltar bazara ba ta yi wa irinta uzuri. Lambar iska da ke jikin taya kuwa iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba abin da za a sa mata ba. Wanda ya dace da motar yana kan wata takarda a jikin ƙarfen ƙofar direba, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi. A nuna wa mai faci wannan lambar.

Wani abin kuma a bakinmu yake. Sunayen ranaku ƙirga ne da Larabci: Lahadi ɗaya, Litinin biyu, Talata uku, Laraba huɗu, Alhamis biyar. A jera su da talatin, arba'in da hamsin a ji yadda suka yi kama. Ladi da Talatu da Balarabe da Lami duk lissafi suke ɗauke da shi a sunansu.

Na bar maganar gabas a ƙarshe domin ta fi buƙatar natsuwa. Mun saba cewa mai salla "ya kalli gabas", har aka ɗauka duk inda rana ta ɓullo nan ne alƙibla. Rana ba wuri ɗaya take fitowa ba. A Kano, a ƙarshen watan Yuni tana fitowa a wajen digiri 66 daga arewa, a Maris da Satumba a 90, wato gabas sak, a ƙarshen Disamba kuma ta gangara kudu zuwa 114. Alƙiblar Kano tana wajen digiri 68. Ke nan a farkon damina mafitar rana da alƙibla kusan ɗaya suke, amma a tsakiyar hunturu tsakaninsu ya kai digiri 45, rabin kusurwar ɗaki. Hukuncin sallar wanda ya karkata na malamai ne. Amfanin sanin nan ga mai aza harsashin masallaci ne, da wanda ya tare a sabon gida.

Akwai hanyar gano ta ba tare da na'ura ba. Sau biyu a shekara rana tana tsayawa daidai saman Ka'aba: 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya da Nijar, da 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27. A Gana a rage awa ɗaya. A kafa sanda a miƙe tsaf a fili mai lebur, a tabbatar da miƙewarta da zare mai ɗaure da dutse, a ja layi a kan inuwarta a daidai wannan minti. Wanda ya tsaya a ƙarshen inuwar ya fuskanci sandar, alƙibla yake kallo. Idan hadari ya rufe rana, washegari a lokacin nan ma bambancin kaɗan ne, sai a kafa turaku biyu a kan layin kafin ruwa ya share shi.