Karatun Harvard a Zauren Gidanmu

Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya kwashe wata takwas, zaman gida kuwa ya ishe ni tun wata na biyu. Wani abokina ne ya nuna min CS50, kwas ɗin share fagen ilimin kwamfuta da Jami'ar Harvard ke bayarwa kyauta a edX, dandalin da ita da MIT suka kafa a 2012. Kafin nan na yi rajistar kwasa-kwasai har huɗu a Coursera, wani dandalin karatu ta intanet, ba wanda na wuce mako na biyu. Ashe ma haka akasarin masu shiga suke, a shiga da zafi a sulale.

Kwas kyauta ne, amma data da kuɗi ake saye. Laccar David Malan, malamin kwas ɗin, kan kai awa biyu, sai na koma sayen datar dare. In tashi ƙarfe ɗaya, in sauke bidiyo, in koma barci, da safe in baje tabarma a zaure in kalla.

Mutumin ya iya koyarwa. A laccar farko, don ya nuna dabarar nemo suna da sauri, ya ɗauko littafin lambobin waya, ya buɗe tsakiya, ya yage rabin da sunan da yake nema ba ya ciki, ya yar. Ya sake raba sauran biyu, haka dai har ya rage shafi ɗaya. Na gyaɗa kai, na ce ai na zama gwani. Nan na yaudari kaina. Da aka zo aikin Mario, wato ka sa kwamfuta ta jera alamar # kamar matakala da C, harshen rubuta wa kwamfuta umarni, kwana uku na yi matakalar tana jingina hagu maimakon dama. Manhajar check50 da ke duba aiki sai jero min jajayen fuskoki take yi. Kallon mai ɗinki dai bai taɓa ɗinka wa kowa riga ba.

Malan yakan ce in ka maƙale, ka yi wa agwagwar roba bayanin aikinka layi-layi. Ba ni da agwagwa, sai na zaunar da ƙanwata. Ina cikin yi mata bayani na gane ban lissafa gurbin da ke gaban kowace alama ba.

"Yaya, ni fa ban gane komai ba," in ji ta.

Na ce ta je, ta gama aikinta.

Daga nan na kafa wa kaina doka: ba sabuwar lacca sai aikin makon ya yi kore a check50, alamar ya yi daidai. Ni da abokin nan kuma kowace Juma'a bayan masallaci mu tambayi juna inda aka kwana, ba tare da leƙa amsar juna ba, don dokar kwas ta hana. Kunyarsa ce ta riƙe ni lokacin da na so gudu a mako na biyar.

Satifiket ɗin edX da dala ake biya, ban saya ba. Na karɓi na CS50 na kyauta, wanda sai ka ci kashi 70 a kowane aiki. Na bugo shi a shagon bakin titi na kai wa Umma, ta juya shi, ta tambaye ni yaushe na je Amurka.