Aikinmu a gefen titi da masu keke

Kamfaninmu ƙarami ne, a Kano yake, kuma aikinmu shi ne buga intalok da duwatsun bakin titi da murafan kwata, sannan mu je mu shimfiɗa su a inda aka ba mu kwangila. Manyan kamfanoni ne ke zuba kwalta a tsakiya, mu kuwa rabonmu gefe ne, wato daidai wurin da mai keke yake bi kullum. Shi ya sa nake ganin ina da ta cewa idan ana maganar yadda za a sa mutane su koma hawan keke a gari.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kekunan da aka jingine a zaure suka sake fitowa, har leburorina da dama suka daina biyan kuɗin adaidaita sahu suka koma taka feda. Sai dai titunan da suka tarar ba a yi su domin su ba. An kashe kuɗi mai yawa a gadojin sama irin na Ƙofar Nasarawa da Dangi, kuma sun rage cunkoson motoci, amma dattijon da ya ɗauro buhu a kariyar kekensa ba shi da ƙarfin hawa gada, a ƙasa kuma sai ya yi ta kokawa da masu lodi da masu tebur.

Abin da ke kayar da mai keke yawanci ƙaramin abu ne wanda mai mota ba ya ko lura da shi. Na farko yashi ne, wanda iska da ruwan damina ke tarawa a gefen kwalta, taya ta shige shi ta zame. Na biyu kuwa murfin kwata ne, kuma a nan na koyi darasi da idona. Wata rana, a wani layi da muka gama aiki, na ga wani mai kai burodi ya zo a hankali, tayarsa ta gaba ta faɗa tsagar da ke tsakanin murfi biyu, ya kifa, burodin ya watse, gwiwarsa ta goge. Mu muka jera murafan, kuma mun bar tsagar ta miƙe daidai da inda keke ke fuskanta. Daga ranar na kafa wa birkilolinmu doka cewa kowace tsaga ta gitta hanya, kada kuma faɗinta ya kai yadda tayar keke za ta shiga, ko da hakan zai ƙara mana yini guda a aikin.

Idan injiniya ya nemi shawarata, nakan ce fenti kaɗai ba ya kare kowa, domin direban adaidaita zai taka farin layi ya tsaya ɗaukar fasinja. Ana buƙatar dutsen siminti mai ɗan tsayi ya raba hanyar keke da ta mota, a ba ta faɗin da bai gaza mita ɗaya da rabi ba, a kuma karkata ta kaɗan domin ruwa ya gangara kwata. Dole ne kuma a ware wa mai shayi da mai faci wurinsu tun a zane, in ba haka ba za su kafa tebur a kan hanyar, kuma ba zan ga laifinsu ba, abinci suke nema.

Inuwa ma tana cikin aikin. A watan Afrilu babu mai son taka keke a titin da ba bishiya, don haka duk inda mai aiki ya yarda, mukan bar ramuka a cikin intalok domin a dasa darbejiya, da ɗan fili a kewaye don kada saiwa ta ɗaga dutsen nan gaba. Wasu masu ba da kwangila suna ganin ɓarnar fili ce, sai na kai su wani layi da muka yi a baya, su tsaya da azahar su ga inda ɗalibai ke jingine kekunansu.