Kantar tsakiyar kicin

Jama'a duk mai shirin saka kantar nan ta tsakiyar kicin, don Allah kar ya yarda a ajiye ta haka kawai wai nauyinta zai riƙe ta. Da kafinta ya gama haɗa mana tamu, yaron gidan ya ɗan rataya a bakin da ake zama wallahi da idona na ga bayanta ya ɗaga, gabana ya faɗi sosai. Sai da aka dawo aka ɗaure guntayen katako a ƙasa da sukuru, aka zaunar da kabad ɗin a kansu aka ɗaure ta ciki, kuma kafin a huda tayil ɗin sai da muka tabbatar babu fayif ɗin ruwa ko wayar wuta a wurin.

Inda ya fi damuna shi ne leɓen saman da ya fito waje don ƙafa ta samu shiga, wajen santimita 30, a nan fa mutane ke dafa gwiwar hannu su saki jiki gaba ɗaya. Giranait, wato dutsen da ake shimfiɗawa a saman kantar, mai kaurin santimita 3 yana kai kilo 80 a murabba'in mita ɗaya, kuma shi dutse ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi. Kashi biyu cikin uku na faɗin dutsen dole ya zauna kan kabad. Mun sa ƙarafa shimfiɗaɗɗu a ƙarƙashi don su tallafi leɓen, tazarar santimita 60, ni na fi son su a kan masu kusurwa saboda ba sa bugun gwiwa.