Godiya ga Katsinawa, musamman waɗanda na yi shekaru ina kwaikwayonsu

Assalamu alaikum. Ɗiyata ce ke rubuta mani wannan a waya ni ina faɗa, don haka in kun ga maganar ta yi hankali da yawa, ita ta gyara.

Alhamdu lillahi, taron da aka yi mani ranar Asabar na sallama da dandalin wasan barkwanci ya tashi lafiya. Gwiwa ta ƙi, murya ta dushe, shi ya sa na ce in sauka da ƙafata tun kafin a sauke ni. Ina godiya ga yaran ƙungiyarmu da suka shirya abin, da waɗanda suka ba da rumfa da kujeru da lasifika, da matan da suka kwana a bakin murhu. Baƙin da suka taso daga Daura, Funtuwa, Malumfashi, Dutsin-ma har da Maraɗi, Allah Ya saka da alheri. Kuɗin da aka tara mani sun iso hannuna cif, abin da ban saba gani ba a wannan sana'a.

Amma akwai mutanen da ba a kira sunansu a lasifika ba, kuma su na fi bin bashin godiya, ko in ce su suka fi bi na. Su ne waɗanda na ci abinci da tafiyarsu da tarinsu da yadda suke naɗa rawani: dagatai, masu unguwanni, malaman allo, 'yan doka, duba-gari, dillalan kasuwa. Ranar Asabar na hango wani dattijo a layin gaba, tsohon mai unguwa ne, wanda na daɗe ina kwaikwayon yadda yake gyaran murya sau uku kafin ya ce bai san zancen ba. Duk garin nan an san shi nake yi. Bai taɓa kai ni ƙara ba, bai taɓa aiko mani da kashedi ba. Da na je gaishe shi na durƙusa, sai ya ce, “Kai ɗan nema, har yau ba ka iya tarin daidai ba.” Baba, Allah Ya ƙara girma. Da irinku ba ku da haƙuri, da tuni na koma sayar da goro.

Da tashe na fara, kamar kowane yaron birni. In azumi ya kai goma, sai mu liƙa gemun auduga, mu cusa tsumma a ciki, mu bi gida-gida daga unguwarmu har wajen Ƙofar Soro, a ba mu gero ko kwabo. Daga nan na liƙe wa wani ɗan kama, Allah Ya jiƙan shi, ina ɗaukar mashi jaka. 'Yan yanzu da yawa ba su san kamanci ba. Mutum ne zai sha rawani kamar babban malami, ya zauna ya buɗe baki kamar zai ja wa'azi, sai ka ji duk karatun a kan tuwo ne da miya da ƙashin da ya ɓace a kwano. Shi ya hana ni dariya a kan dandali. Ya kan ce wawa ba ya sanin shi wawa ne, ranar da ka yi dariya tare da 'yan kallo ka zama ɗan kallo. Shi ne kuma ya gindaya mani iyaka: a taɓa rawanin malam da kwaɗayinsa, kada a taɓa abin da yake karantawa, a taɓa halin mutum, kada a taɓa uwarsa ko nakasarsa. Ina ganin wannan iyakar ce ta sa aka haƙure mani.

Wasan farko da na yi gaban manya a 1973 ne, shekarar da aka canza kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo. Na fito a baƙauyen da aka gaya wa fam ɗaya ya zama naira biyu, ya tafi gida da murna wai dukiyarsa ta ninku, ya fara neman aure na biyu.

Da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 aiki ya buɗe, don a da komai sai an je Kaduna. Shekarar ce kuma gwamnatin Babangida ta kafa MAMSER, hukumar faɗakar da jama'a, aka shiga neman 'yan wasa don wayar da kai. Mun zaga Kaita, Mashi, Mani, Jibiya, Batsari a bayan a-kori-kura, muna wasa kan rigakafin ƙyanda da shan inna, da haɗa ruwan gishiri da sukari in yaro na gudawa, da ƙidayar 1991. Ba mu da rubutu. A zauna gindin bishiya a tsara labari, kowa ya san inda zai shiga da inda zai fita, sauran magana sai a kan fili. Mu maza mu ke ɗaura zane mu fito a mata. Kullum ni ne mai taurin kai, wanda ke ɓoye 'ya'yansa a rumbu in ya ji motar masu allura. Ma'aikaci zai yi awa yana bayani mutane na gyangyaɗi, amma in na miƙe na yi tambayar wauta, sai fili ya yi tsit, domin tambayar da ke cikin kowa ce, kunya ta hana shi yi. Akwai ofishin da har yau bai biya mu kuɗin wata tafiya ba. Na yafe nawa kason, ban san na sauran ba.

Abokin wasana da ya yi shekaru yana fitowa a mai hankali, yana jefo mani magana ina cafewa, bai ga wannan taro ba. Ni ake tafa wa, alhali shi ke auna lokacin da zai yi shiru don maganata ta faɗa daidai. Na ji daɗi da aka kira iyalinsa aka ba su nasu. Uwargida kuwa, wadda danginta suka ce ba za su ba wawa ɗiya ba ta ce ta ji ta gani, godiyarki ba ta Facebook ba ce.

A sa manyanmu a addu'a: Rabilu Musa Ibro da ya rasu a 2014, Ƙasimu Yero a 2017, da Usman Baba Pategi, Samanja, a 2023. Shi Samanja Banufe ne, kun kuwa san tsakanin Bakatsine da Banufe, bawana ne ko ya fi ni suna. Allah Ya gafarta masu baki ɗaya.

Yaran da ke barkwanci a TikTok, na ga wasanku ranar taro, wasunku sun fi mu kaifin baki. Abin da ban so shi ne zagi da tona asirin mutum don a samu mabiya. Zaurena a buɗe yake bayan la'asar ga mai son mu zauna.

Wanda na ɓata wa rai a tsawon shekarun nan, ya yafe mani don Allah. Sannan wanda ya tafi da takalmina ƙafa ɗaya daga bakin rumfa ya dawo da shi, ko ya zo ya karɓi ɗayan. Akwai Nufawa biyu a wurin, ban dai ce komai ba.