Takobin Sarkin Faransa Ya Tuna Min Da Gajere

Jiya bayan la'asar ina zaune a Ƙofar Soro, ɗan yayata ya miƙo min wayarsa yana dariya: "Kawu, dubi wani sarki da takalmin mata!"

Zanen Sarki Luwi na 14 na Faransa ne, wanda Hayasin Rigo ya yi a 1701, yanzu yana gidan tarihi na Lubur a Faris. Takalmin mai jan dunduniya ne kam, ni ma na murmusa. Amma idona ya tsaya a ƙugunsa. Takobin da ya rataya shi ne wanda Faransawa ke dangantawa da Sarki Shalaman, da shi ake naɗa sarakunansu a da. Alkyabbarsa shuɗiya ce, an yayyafa mata furen zinariya, tambarin gidan sarautarsu. Kambin kuwa ba ya kansa, yana gefe a ajiye. Wannan ya burge ni, kamar mai cewa ko ba hula an san shi.

Na ce wa yaron, mu ma ai haka muke. Gajere, takobin da ake dangantawa da Korau, tsohon sarkin Katsina, har yau yana cikin kayan sarautar Katsina. Mai zane a nan in ya so nuna sarki, rawani mai kunne biyu zai yi, da alkyabba, da laima, dogarai da jajayen riguna a gefe, ko fuskar ba ta fito ba saboda amawali.

Yaron ya karɓe wayarsa, har yanzu takalmin yake kallo.