Gwangwani Biyu na Wake a Bakin Taga

Shekara tara ke nan ina koyar da Bayoloji a wata sakandare cikin birnin Katsina. A hutun ƙarshen zango wani abokin aikina ya turo mini fim ɗin Idiocracy, ya ce in kalla in ga inda yaranmu suka dosa. Fim ne na barkwanci da Mike Judge ya fitar a Amurka a 2006. Wani soja ne, Joe, shi ba haziƙi ba, shi ba daƙiƙi ba, aka kwantar da shi barci a wani gwaji na shekara ɗaya, aka manta da shi. Bai farka ba sai a 2505, ya tarar duk ƙasar babu wanda ya kama ƙafarsa a basira.

Wuri ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Gonaki sun bushe, yunwa ta tunkaro, domin an daina yi wa shuka ban ruwa, sai wani lemon 'yan wasa mai suna Brawndo ake kwarara mata. Joe ya tambayi ministoci dalili, suka ce ai akwai ilektrolait a ciki, shi shuka take so. Mene ne ilektrolait? Abin da ake haɗa Brawndo da shi. Haka suka yi ta zagaye kamar jakin da aka ɗaure a turke.

Ban yi dariya ba, don na san zagayen nan. Ɗalibaina na aji biyar suna iya rera ma'anar osmosis, wato yadda ruwa yake ratsa siririyar fata ya koma ɓangaren da gishiri ko makamancinsa ya fi yawa, da Turanci, ko harafi ba za su tsallake ba. Ran da muka koma makaranta na tambaye su da Hausa: me ya sa yankakken tumatir yake tsatso ruwa idan an barbaɗa masa gishiri? Aji mai yara sama da tamanin ya yi tsit. Ni na koya musu haka. Manhaja da tsawo, jarrabawar WAEC tana tafe, ma'anar da aka haddace kuwa tana kawo maki nan take.

Amma akwai inda na raba gari da fim ɗin, da abokin nawa ma. Tun daga buɗewarsa fim ɗin ya ɗora laifin a kan haihuwa: wai masu ilimi suna jinkirta iyali, marasa ilimi suna ta hayayyafa, har basira ta ƙare a jini. Wannan magana ta sosa mini rai, domin irinta ake jifan talakan Arewa da ita, kuma yawancin yaran da ke gabana daga gidaje masu yara da yawa suka fito. Bincike ma bai goyi bayanta ba. Wani masani, James Flynn, ya nuna cewa a ƙarni na 20 makin gwajin basira hawa ya yi ta yi a ƙasashe da dama, kusan maki 3 duk shekara goma, lokacin da makaranta da abinci da lafiya suke inganta. Da makin ya fara sauka a Norway, binciken da aka fitar a 2018 kan samari masu shiga aikin soja ya ga saukar har tsakanin wa da ƙane 'yan gida ɗaya. Ke nan ba jini ba ne, abin da yaro ya tashi a cikinsa ne. Aji na kuwa yana cikin abin da waɗannan yara suka tashi a ciki.

Sai na samo gwangwanin madara biyu, muka shuka wake, muka ajiye a bakin taga. Bayan ya tsiro, ɗaya muka ci gaba da ba shi ruwan rijiya, ɗaya ruwan da aka narka gishiri a ciki, tunda ilektrolait ɗin Brawndo ma dangin gishiri ne. Cikin 'yan kwanaki na biyun ya yi yaushi ya langaɓe, alhali ƙasarsa a jiƙe take sharkaf. Ban yi bayani ba, na ce su gaya mini.

Wata yarinya da ke zama a layin baya, wadda ban taɓa jin muryarta ba sai wajen kiran suna, ta ɗaga hannu.

"Malam, Babanmu yana noman rani a Ajiwa. Ya ce in ka zuba takin zamani da yawa a gindin tumatir ƙona shi yake yi, ko da ka ba shi ruwa. Ko shi ne wannan?"

"Shi ne. To me ya ƙona shi, tunda ba wuta?"

Ta yi jim, tana kallon gwangwanin. "Gishirin ne yake janye ruwan daga saiwar, maimakon saiwar ta sha?"

Na ce ta fito ta maimaita wa aji. Sannan na rubuta ma'anar Turancin nan a allo, muka bi ta kalma bayan kalma, suna nuna mini inda saiwa take a cikinta da inda gishiri yake. Darasin ya cinye mana mako guda fiye da abin da na tsara, har na biya bashinsa da zuwa ranar Asabar. Zango mai zuwa numfashin tsirrai za mu shiga, na riga na ce kowa ya tambayo a gida me ya sa ake shanya hatsi ya bushe sosai kafin a zuba shi a rumbu.